Bangon Ɗakin Mai Fenti

Sunansa na yanka ya daɗe da nutsewa a bokitin fenti. Abokan aiki Goga suke ce masa, maƙwabta su ce Mai Fenti, matarsa kuwa Baban Auta take kiransa, tun da suka gane cewa daga yarinyar nan haihuwa ta tsaya. Dogo ne siriri, wuyansa ya ɗan karkace saboda yawan kallon silin, kuma duk sabulun duniya ba zai fitar da farin da ke ƙarƙashin faratansa ba. Ya shigo birnin nan yana saurayi, yana riƙe wa wasu tsani, har ya kai shi ake riƙe wa. A tsawon shekarun nan ya shafe ɗakuna ba iyaka, amma ko bulo ɗaya ba nasa ba ne.

Yawancin aikinsa ba na sabon gini ba ne. Aikin tsakanin ɗan haya da ɗan haya ne. Wannan ya kwashe kayansa yau, wancan zai zo dubawa jibi, a tsakani sai dillali ya kira Goga ya ce, "A ba shi fuska." Ma'anar ba da fuska ita ce kada a taɓa bututun da ke yoyo a cikin bango, kada a sare filastar da ta ruɓe. A kankare fumfuna, a shafa fari, a sake shafawa, a buɗe taga wari ya fita. Fentin zai rufa asiri har a biya kuɗin shekara a karɓi makulli, daga nan danshi ya leƙo ya yi wa sabon ɗan haya sannu da zuwa. Goga bai taɓa cewa wannan daidai ne ba. Amma mai iyali a birni mai tsada ba ya tsayawa zaɓen aiki, don haka yakan shafa, ya karɓi hakkinsa, ya yi tsaki a hanya.

Dillalin da ya fi ba shi irin wannan aiki shi ne wanda unguwa ke kira Ba-Matsala, saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Ka ce masa rufi ya faɗo wa ɗanka, zai ce ba matsala. Gajere ne mai tumbi, mai wayoyi biyu da tarin makullai a kugu, kuma rabin benayen unguwar a hannunsa suke. Masu gidajen ba wanda ya taɓa ganinsu, sai dai a ji an ce mai gida ya ce. Shi ne ya ba Goga ciki da falon da ya zauna shekara da shekaru, a ƙasan wani dogon bene, daidai ƙarƙashin banɗakunan mutanen sama. Kuɗinsa da sauƙi, don ba mai so. Bangon uwar ɗakin baƙi ƙirin yake daga tsakiya zuwa ƙasa, in ka ɗora bayan hannu sai ka ji sanyi kamar randa, tufafi kuwa ko a akwati suke sai sun ɗauki wari.

Manyan yaran biyu sun girma a haka, ba abin da ya same su. Auta ce ta zo da ƙirji marar ƙarfi. Tari ya kama ta tun ba ta fara makaranta ba, irin wanda ke zuwa da shaƙewa, ta riƙa jan numfashi yana fito kamar ana busa usur. An sha magani an gaji. A ƙarshe likita ta cire abin sauraren ƙirji daga kunnenta, ta tambayi uwar irin ɗakin da yarinyar ke kwana, da ta ji bayani ta ce magani ba zai yi komai ba muddin tana shaƙar wannan bango.

Goga ya je ya sami Ba-Matsala ya faɗa masa.

"Ba matsala, zan gaya wa mai gida," in ji shi, idonsa na kan waya.

Damina ta zo ta wuce, mai gida bai ce komai ba. Goga ya koma, aka sake ce masa ba matsala. To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar wani hutu ya jawo gado tsakiyar falo, ya ɗauki guduma da kurfi ya fasa bangon. Ya tarar da abin da ya daɗe yana zato, tsohon bututu ne ya tsage, ruwan wankan mutanen sama yana tsiyaya a cikin bulo. Da kuɗin aljihunsa ya sayi sabo, ya roƙi wani abokinsa mai gyaran famfo ya ɗaura, ya bar wurin ya sha iska ya bushe, ya yi sabuwar filasta da maganin hana ruwa, ya goge ta sumul.

Da ya tsaya a nan, da wataƙila har yau yana gidan. Amma hannun da ya shekara yana aikin ha'inci, ran da ya sami aikin gaskiya bai san tsayawa ba. Ya gyara silin. Ya tattaro ragowar tayil daga wuraren aiki ya shimfiɗa a kicin, launi ya zo daban-daban amma ya jera su har sai ka ce da gangan ne. Ya kankare tsatsar taga, ya daidaita ƙofar banɗaki da ta shekara tana jan ƙasa. Ya ce matar ta zaɓi launi, karo na farko a aurensu da aka tambaye ta irin wannan, ta zaɓi shuɗi mai haske. Kafin a jima tarin Auta ya ragu, sannan ya ɗauke ɗif. Yarinyar da ba ta iya hawa matakala sai ga ta tana tsere da 'ya'yan maƙwabta.

A nan Goga ya tafka wautar da sai mai sana'a ke yin irinta. Ya kasa barin aikin ya zauna ba wanda ya gani. Da ƙafarsa ya je ya jawo Ba-Matsala, ya tsayar da shi a tsakiyar ɗakin.

"Ka gani? Wannan shi ne aiki, ba irin wanda kake sa ni ba. Taɓa bangon ka ji."

Ba-Matsala ya taɓa, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa kicin, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon silin. A karon farko ya mayar da wayoyinsa aljihu.

"Lallai Goga, ashe haka ka iya? Ai akwai manyan mutane da ke neman mai fenti irinka. Bari in riƙa kawo su suna ganin aikinka da idonsu."

Goga ya dawo ciki yana washe baki. Baƙi suka fara zuwa, yau wani mai kaɗa makullin mota, wani satin wata mata mai jaka, can kuma wani saurayi da matarsa mai ciki. Duk wanda ya zo, Goga ne ke gaba yana nuni, yana rantsuwa cewa bangon nan ya rabu da danshi har abada, yana bayanin bututu da filasta. Matarsa tana kawo ruwan sanyi a tire. Ita ce ta fara jin abin bai kwanta mata ba.

"Baban Auta, wai mai neman mai fenti me ya haɗa shi da famfon banɗakinmu? Matar nan har tambayata ta yi ko ruwa na zuwa kullum, da ta inda rana ke shigowa."

"Ke ba ki san manyan mutane ba, komai sai sun bincika," in ji shi.

Cikin duk waɗanda suka sha ruwan nan ba wanda ya kira shi aiki. Wanda ya kira shi Ba-Matsala ne, da wa'adin haya ya kusa, ya ce ya zo ofis. Ofishin wani ɗan shago ne mai tebur da fanka, da allo a waje an rubuta ɗakunan haya. Ya ba shi kujera, abin da bai saba yi ba, sannan ya faɗi sabon kuɗin. Kaɗan ya rage bai ninka na da ba.

Goga ya yi dariya tukuna, don ya ɗauka wasa ne. Da ya ga fuskar dillalin ba wasa, sai dariyar ta ɗauke.

"Wannan kuɗin na wane gida ne?"

"Na gidan da kake ciki. Kuma wallahi an yi maka adalci. Zaga unguwar nan kaf, ka samo mini ciki da falo mai kyan naka, busasshe, mai tayil a kicin, kusa da titi, a kuɗin da kake biya yanzu. In ka samu, ni zan biya maka."

"Kyan nawa wa ya yi shi? Da kuɗin wa aka sayi bututun? Sau nawa na zo nan ina roƙonka saboda yarinyata?"

"Ba matsala, duk na sani. Amma bangon na waye?"

"Na mai gida."

"To wa ya sa ka?"

Ba wanda ya sa shi, gaskiya ne. Ba-Matsala ya gyara zama, ya ce shi ma ba son ransa ba ne, mutanen da suka ga ɗakin ne suka yi tayi, mijin matar nan mai ciki ma ya ce a shirye yake ya biya yau. Sai a lokacin Goga ya gane su wane ne baƙinsa. Shi ya yi tallan ɗakinsa da bakinsa, matarsa ta shayar da masu korarsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk da haka bai yarda ya yanke hukunci da fushi ba, don shi mutum ne mai son ya tabbatar kafin ya ce an cuce shi. Ya ajiye aiki ya shiga zagaye, unguwarsu da na kusa da ita, yana bin dillalai bene-bene. Ba wanda zai sa shi yi wa rogo kallon kitse, shi da ya san yadda ake yin rogon. Yana shiga ɗaki sai ya shaƙi iska, ya ɗora bayan hannu a bango ta wajen banɗaki, ya duba gindin bango inda sabon fenti ke kumbura. Duk ɗakin da kuɗinsa ya yi daidai da ƙarfinsa, jiƙaƙƙe ne an ba shi fuska. Duk wanda ya bushe da gaske, kuɗinsa ya kai abin da Ba-Matsala ya faɗa, wani ma ya wuce. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Da ƙarya dillalin ya yi, da ya sami abin riƙewa. Amma a ma'aunin birnin nan kuɗin daidai yake, busasshen bango kayan masu hali ne, numfashin yarinya kuma ba ya cikin lissafi. In ya biya, abin da zai rage ba zai ciyar da gida ba, balle kuɗin makaranta.

Ba-Matsala ne dai ya zo da taimako irin nasa. Ya ce ya samo masa wani ciki da falo daidai aljihunsa, can bayan garejin gyaran motoci, ya kuma karɓi la'adarsa cif. Da Goga ya shiga ɗakin ya ga farin fentin, sai ya gane hannunsa. Shi ya shafe shi watannin baya, kuma ya tuna sarai abin da ke ƙarƙashi.

Ranar tashi, an gama loda kaya a mota, matar ta koma ɗauko tsintsiya, ta tarar da shi a uwar ɗaki da guduma a hannu, yana tsaye gaban shuɗin bangon, daidai inda bututun yake.

"Bugu ɗaya ne," ya ce ba tare da ya juyo ba. "In mayar musu da shi yadda suka ba ni."

"Mai gidan zai kwana a nan, ko Ba-Matsala?" ta ce. "Matar nan mai ciki ce za ta kwana. Jaririnta ne zai shaƙa. Ajiye, Baban Auta."

Ya jefa gudumar cikin jakar aiki, ya fita bai waiwaya ba.

A sabon gida fentin ya riƙe amana na ɗan lokaci, kamar yadda aka koya masa. Sannan tabo ya fito a kusurwa, ya bazu, ya yi baƙi, warin nan ya dawo. Wata safiya suna shan shayi Auta ta yi tari, ta sake yi, aka ji usur ɗin nan a ƙirjinta. Uwar ta ajiye kofi ta dubi mijinta.

"In ka gyara, su ƙara kuɗi su kore mu. In ka bari, ga ta nan kana ji. Ni dai ban san wanda zan zaɓa ba."

Goga ya wuni yana kallon tabon. Washegari ya ce ta kwashi yaran su je gidan yayarta su kwana biyu, kada kuma ta gaya wa kowa dalili. Ya kulle ƙofa, ya rufe taga. Ya fasa bangon a hankali, yana sara a lokacin da hayaniyar gareji ta fi ƙarfi don kada a ji. Ɓaraguzan a buhun siminti ya riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan, kamar kayan aikinsa ne. Wannan karon ko abokinsa mai famfo bai kira ba, da kansa ya ɗaura bututun. Ya yi filasta, ya sa maganin ruwa, ya shafa fari, bango ya fito tas kamar na asibiti.

Daga nan ya zauna ya yi aikin da ba a taɓa koya wa mai fenti ba. Ya dafa shayi mai kauri ya bar shi ya huce, ya kwaɓa toka, ya ɗiga baƙin fenti da ɗan kore. Da soso da tsumma ya fara zana danshi. Ba wanda ya kai shi sanin fuskar danshi, ai shekarunsa ya ƙarar yana binne ta. Ya san yadda yake hawa daga ƙasa da baki rawaya-rawaya, yadda fumfuna ke taruwa a kusurwa ɗigo-ɗigo, yadda fenti ke ɓarewa ya lanƙwashe. Ya sa wuƙa ya ɗaga gefen fentin nan da can. A silin ya zana zagayen tabo, ya ajiye tsohuwar roba a ƙarƙashinsa, inda ko ɗigo ɗaya ba zai taɓa faɗowa ba.

Da matar ta dawo ta ga bangon, sai ta saki jakar hannunta.

"Kwanakin nan duk abin da ka yi ke nan? Ai ya fi da muni."

Ya kama hannunta ya ɗora a tsakiyar baƙin tabon. Busasshe ne ƙamas, har da ɗumi. Ta shafa, ta sa hanci ta shaƙa, ta juyo ta dube shi. Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Ta ce, "Allah ya isa," kuma ya san ba da shi take ba.

Tarin Auta ya sake ɗaukewa, amma gidan ya biya wani kuɗin da ba a rubuta ba. Manyan yaran suka daina kawo abokai. Maƙwabta suka sami abin ba'a, wai mai fenti guda ɗakinsa kamar kangon da aka manta. Yayar matar ta zo ziyara, ta ƙi zama kusa da bangon, ta ce da ƙanwarta da ƙarfi yadda zai ji daga falo, "Ke dai kin haɗu da aiki. Mutum yana gyara gidajen duniya, nasa ko tausayin 'ya'yansa ba ya ji." Goga yana zaune yana wanke buroshi. Aikin da ya fi kowane aiki kyau a rayuwarsa ake zaginsa a kai, kuma bakinsa a ɗinke, don yayar nan ba ta iya riƙe magana.

Auta ma ta ji abin da yayar uwarta ta faɗa. Ranar da Ba-Matsala ya ce zai zo duba ɗaki kafin a sabunta haya, Goga ya dawo daga sayen burodi ya tarar da ita durƙushe a gindin bangon, da soson wanke-wanke da ruwan omo. Ta dage ta goge wuri kamar faɗin faranti, fari tas ya fito a tsakiyar baƙin.

"Baba, ka ga yana fita. In na gama ba wanda zai ƙara cewa..."

"Wa ya sa ki?" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba, ya fizge soson ya yi jifa da shi. "Wa ya ce ki taɓa?"

Yarinyar ta ƙame, sannan ta fashe da kuka, ta ruga bayan uwarta. Kuka ne mai ƙarfi, daga cikakken ƙirji, ba tari ba usur. Yana jin sa yana zuba ragowar shayin safe a kan toka, yana mayar da baƙin inda ta wanke. Ya tura jiƙaƙƙen buhu da ya kwana a bokiti bayan ƙofa don wari, ya jawo akwati ya kare rabin wurin.

Ba-Matsala ya iso, ya tsaya a bakin ƙofar uwar ɗaki, ya toshe hanci da hankici. Ya dubi bangon, ya dubi robar da ke ƙasan silin, bai ko matsa kusa ba.

"Kai Goga, ba ka jin kunya? Mai fenti kamarka, ka zauna cikin wannan? Ko ɗan shafi ɗaya ai ka yi."

"Wa ya sa ni?" in ji Goga.

Dillalin ya yi dariya har makullansa na kaɗawa. Ya ce ba matsala, za a ɗan ƙara kaɗan kamar na kowa, don ko kyauta aka ba wani ɗakin nan sai ya yi tunani. Har ya kai ƙofa ya juyo, ya ce akwai wani ciki da falo a bayan makaranta, an tashi jiya, masu dubawa na zuwa jibi da yaransu, a je a ba shi fuska.

Bayan ya tafi Goga ya tsuguna gaban Auta, ya miƙa mata hannu. Ta juya fuska ta ƙanƙame zanin uwarta. Ya ɗan jira, ba ta juyo ba. Ya miƙe ya ɗauki bokitin farin fenti da rola, ya saɓa tsani a kafaɗa ya fita.